Yadda zaki samu mai kwana da jariri

In bazaki tafi wankan gida ba kuma babu gwaggo ko kaka a kusa, fara cigiya tun cikin na wata 8, kar ki bari sai ranar suna. Tambayi ungozoma ko nas din da kike awo wajenta, sun fi dillalan yan aiki sanin mutane. Ni dai nafi son dattijuwa wadda ta taba raino, yarinya karama bacci zai kwashe ta wallahi. Ta fara kwana daya na gwaji kina kallo, tana wanke hannu? Tana kwantar dashi rigingine cikin gidan sauro? Ki gaya mata banda bashi ruwa ko zuma, ta tashe ki kawai ki bashi nono duk awa 2 zuwa 3. Mai tari kam a'a. Kudi kuma ku yanke tun farko, na sati ko har arba'in.