Yadda ake fitar da zanen tabarma a masaƙa mai allira huɗu

Wannan zane yana sa ƙyalle ya yi kamar an sarƙa faffaɗan kaba, alhali saƙar gama-gari ce. Launi ke yin aikin.

1. A samo zaren auduga baƙi da fari masu kauri ɗaya. In ɗaya ya fi kauri, zanen zai karkace.

2. Wajen wadari, wato shirya zaren tsaye, a jera baƙi, fari, baƙi, fari har zare 10. Daga nan a juya: fari, baƙi har wani 10. Kowane jerin zare 10 shi ne gida ɗaya. Fari biyu za su haɗu a mahaɗar farko, baƙi biyu a ta gaba, kada a raba su, nan ne gida ke sauyawa. Gida 12 zai ci zare 120.

3. A zura a allira 1, 2, 3, 4, a maimaita, sannan a zura a masefi, abin da ake buga zare da shi.

4. A ɗaura abin takawa ɗaya ya ɗaga allira 1 da 3, ɗayan ya ɗaga 2 da 4.

5. Ƙoshiya biyu ake buƙata, ta baƙi da ta fari. A jefa su bi da bi sau 10, sannan a sake jefa launin ƙarshe a buɗi na gaba, wato ratar da ƙoshiya ke bi ta ciki. A riƙa sarƙe zarurrukan biyu a baki, in ba haka ba gefen ya yi zarto.

6. A auna gidan farko. In faɗinsa ya fi tsawonsa, bugun masefi ya yi ƙarfi, a sassauta.

Lokacin hunturu a Gombe zare yakan bushe ya tsinke. A ɗan yayyafa masa ruwa da safe.