Darasi na 6: Yadda ake haɗa kala in za a ɗinka bargon ƙyallaye

A darasin da ya wuce mun koyi riƙe tef da karanta inci, yau kuma za mu shiga buhun ƙyallaye. Duk gidan da ake ɗinki akwai irin wannan buhu, ragowar atamfar anko, guntun shadda, bakin yadin da tela ya dawo da shi, ana ta tarawa har a rasa yadda za a yi da su, ƙarshe a hura wuta da su ko yara su yi wa 'yar tsana riga. Toh waɗannan ƙyallayen in an yanka su daidai an jera an haɗe, bargo ne mai kyau na lulluɓa da hunturu, ko shimfiɗar jariri, ko abin rufe gado. Ɗinkin kansa ba wuya, miƙaƙƙen layi ne kawai. Inda aikin yake shi ne wane ƙyalle zai zauna kusa da wane.

Kafin a zo maganar kala sai an fara tsince ƙyallayen. Ki ware na auduga gefe guda, wato atamfa da shadda da yadin auduga, shi kuma leshi da mayafi da material mai santsi ko mai talewa ki ajiye su wani aikin daban, don in kin haɗa su da atamfa ɗinkin zai riƙa tattarewa kuma wajen guga wani ya narke miki. In kina kokwanto ki yanki ɗan ƙaramin zare a gefe ki kusantar da shi ga ashana, a tsakar gida ba cikin ɗaki ba. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri.

Sai gwajin zuba, wannan dan Allah kar ki tsallake shi. Ki zuba ruwan ɗumi a roba da ɗan sabulu, ki jiƙa ƙyallen tare da guntun farin yadi, ki bar su kamar rabin awa. In farin ya canza kala to wannan ƙyallen mai zuba ne, ki yi ta wanke shi shi kaɗai har ruwan ya fito fari, in ya ƙi ki haƙura da shi. Ja da baƙi da shuɗi mai duhu su suka fi yin haka, shi kuwa rinin baba irin na marinar Ƙofar Mata a Kano ga kyau amma yana shafa shuɗi, sai an wanke shi sosai kafin ya zauna kusa da fari. Wankin nan yana da wani amfanin ma, sabuwar auduga tana ɗan tsukewa a wankin farko, gara ta tsuke yanzu da ta tsuke bayan kin gama bargo ya karkace. Ki shanya ki goge, sannan mu zo kan kala.

Yawancin mata da an ce haɗa kala abin da ke zuwa musu shi ne ja yana shiga da kore, ko ruwan hoda yana shiga da ruwan toka. Wannan tambayar tana da muhimmanci amma ba ita ce ta farko ba. Ta farko ita ce, wannan ƙyallen mai haske ne ko mai duhu? Ki kasa ƙyallayenki kashi uku a kan tabarma. Masu haske, irin fari da ruwan madara da sararin samaniya da ruwan ɗorawa mara cizawa. Masu duhu, irin baƙi da ruwan makuba da shuɗi mai duhu da kore shar wanda ya ciza. Sai 'yan tsakiya, ruwan goro, ruwan omo, yawancin jajaye. Idan kika jera masu duhu kusa da masu duhu, komai tsadar atamfar, daga nesa bargon cakuɗewa zai yi ba a gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Amma mai haske kusa da mai duhu, ko da atamfar 'yar arha ce, kowane yanki zai fito fes. Wani ƙyallen yakan ruɗar da ido, musamman ja, ki ga kamar mai haske ne alhali da duhu yake tafiya. Dabararsa ki ɗauki hoton kason da waya ki mayar da hoton baƙi da fari, ko ki sa ɗanki ya mayar miki, nan take za ki ga wanda ya shiga kason da ba nasa ba. In ba waya ki ja baya kamar taku biyar ki ɗan runtse ido.

Bayan wannan sai ki zaɓi atamfa guda wadda ta fi kwanta miki a rai, ita ce uwar bargon. Ki dubi jikinta da kyau, a ce tana da shuɗi da ruwan goro da ɗan fari. Shikenan masu yin atamfar sun riga sun yi miki aikin haɗa kala, ke dai ki nemo sauran ƙyallayen da ke ɗauke da waɗannan kalolin. Kala uku sun isa ga mai koyo, in ya yi yawa huɗu. Ni dai a ganina wanda ya fi ɓata bargo shi ne son a saka kowane ƙyalle don kar a yi asararsa, wanda bai shiga ba ki mayar da shi buhu, wani bargon zai karɓe shi.

Sai maganar adon jiki. Atamfa mai manyan fulawa in kika yanka ta ƙanana fulawar ɓacewa take, wani yankin ya fito ja zalla wani ya fito kore kamar ba daga turmi ɗaya suka fito ba, don haka irin wannan a yanka ta manya, ko ki ɗora kwalin da za ki riƙa awon yankan da shi daidai kan fulawar ki zagaye da alli. Mai ƙananan ado ko ɗigo-ɗigo kuwa ba ruwanta, ko ina kika yanka ɗaya ne. Mai layi-layi ki kula duk layukan su kalli gefe guda, ko ki riƙa juya su ɗaya tsaye ɗaya kwance da gangan. Kuma kar ki raina yadi mara ado, shi ne tuwo atamfa ce miya, ba a cika kwano da miya zalla. In babu shi a buhu ki sayi yadi 2 na kala guda, a Kantin Kwari ko kasuwar garinku, ki tafi da guntun uwar atamfar a jaka ki kara su a hasken rana, don fitilar shago tana canza kala.

Yanzu ɗan lissafi. Za mu yi shimfiɗar jariri. Ki yanka kwali mai kusurwa huɗu, inci 6 kowane gefe. Ɗinki zai ci rabin inci a kowane gefe, kin ga kowane yanki zai koma inci 5 kenan. In kin jera yanki 7 a faɗi da 9 a tsawo, faɗin zai zama inci 35, tsawon inci 45, yankunan gaba ɗaya 63. Ki yanka 32 masu duhu, 31 masu haske, ki jera ɗaya bayan ɗaya, layin farko ya fara da mai duhu na biyu ya fara da mai haske, za ki ga kusurwoyi huɗun duk sun faɗa kan mai duhu, wanda ya fi ɓoye datti. 'Yan tsakiyan nan ki raba su, waɗanda suka fi karkata duhu su bi duhu.

Kar ki hau keke tukuna. Ki shimfiɗa duka 63 a kan gado ko tabarma, ki ja baya ki duba, inda ja ya taru wuri guda ki watsa shi, inda iri ɗaya suka haɗa kafaɗa ki raba su. Ki kira maƙwabciya ki ce "Yaya zo ki gane min," ido biyu ya fi ɗaya. In ya yi miki sai ki kwashe layi-layi, ki rubuta lamba 1 zuwa 9 a 'yar takarda ki maƙala wa kowane layi da fil don kar su cakuɗe.

Aikin gida: ki kawo ƙyallaye 12 wankakku gogaggu, kin kasa su haske da tsakiya da duhu, ki rubuta sunan kalar kowanne a littafinki. Sannan ki lissafa, in ana son shimfiɗa mai yanki 8 a faɗi da 10 a tsawo, yanki nawa za a yanka, kuma inci nawa faɗinta da tsawonta za su zama?