Yadda Za Ka Rage Fargabar Kuɗi da Tunanin Gobe

Akwai lissafin da ake yi da ƙarfe biyun dare, ba biro ba takarda. Kowa ya yi barci, an ɗauke wuta, kai kana kwance idonka biyu: haya ta kusa ƙarewa, yara za su koma makaranta, buhun masara ya yi ƙasa, mai shagon bakin layi yana bin ka. Ka haɗa, ka ɗebe, ka sake haɗawa, har ladan ya kira assalatu lissafin bai fita ba.

Na daɗe ina wannan lissafi bayan 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuma ta wuce 1,000. Hauhawar farashi ta zarce kashi 34 cikin ɗari a shekarar ta 2024. Da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a watan Yulin 2024, buhun shinkafa guda ya fi hakan tsada a kasuwanni da yawa. Saboda haka wanda tunanin kuɗi ya hana shi barci yana da dalili, kuma ba na jin daɗi idan na ji an yi saurin ce masa raunin imani ne. Abin da na gane dai shi ne matsalar kuɗi daban, fargabarta daban. Matsalar tana da adadi, ana iya ƙirga ta. Fargabar kuwa ƙaruwa take muddin mutum bai san adadin ba. Ga hanyar da na bi.

Mataki na 1: Sauke lissafin daga kanka zuwa takarda

Sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare. Zauna da rana, bayan ka ci abinci, domin dare da yunwa suna ƙara wa komai girma. A shafin farko rubuta duk abin da ke shigo maka a wata: albashi, ribar sana'a, ɗan abin da gona ko ɗinki ke kawowa. Idan samunka yana hawa yana sauka, ɗauki watan da ya fi muni ka yi lissafi da shi.

Sannan ka yi mako guda kana rubuta kowace naira da ta fita. Cefane, niƙa, gawayi, ruwan 'yan garuwa, kuɗin adaidaita sahu, katin waya, data, ɗari biyun da ka ba yaro, cajin mai POS. Kada ka gyara komai a wannan makon, rubutu kawai. Ni abin da ya ba ni mamaki shi ne data da ƙananan ciye-ciyen waje, waɗanda ban taɓa sa su a lissafin dare ba.

Shafi na uku na bashi ne, kuma shi ne mutane suka fi gudu. Wa yake bin ka, nawa, yaushe kuka yi za ka biya. Rubuta har wanda kake jin kunyarsa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, magana take a kan rubuta bashi, mu kuma mun mayar da rubuta shi kamar rashin yarda da juna. Ranar da na tattara nawa gabana ya faɗi, ba zan ɓoye ba. Amma daren nan na yi barci, domin abin da nake tsoro ya zama lamba mai iyaka.

Mataki na 2: Raba abin da ke hannunka da wanda ba ya hannunka

Ja layi biyu, shafi ya rabu uku. Na farko abin da za ka iya yi a makon nan, kamar zuwa wurin shugaban makaranta ka roƙi a raba maka kuɗin zango biyu. Na biyu abin da sai an ɗauki watanni, kamar koyon gyaran waya ko tara jarin ƙosai. Na uku abin da ba ka da iko a kansa: farashin dala, kuɗin fetur, damina ta yi kyau ko ta ƙi. Yawancin tunanin dare a kashi na uku yake zaune. Mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, amsar da ya samu ita ce ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Kashi na farko da na biyu su ne igiyar. Kowace safiya ɗauki abu ɗaya tak daga kashi na farko ka yi shi kafin azahar.

Mataki na 3: Jera buƙatu, ka koyi cewa ba hali

Ci, muhalli, magani, makarantar yara. Waɗannan su ne a gaba, sauran duk su biyo baya. Faɗinsa da sauƙi, amma nan ne wuyar aikin take, domin a ƙasar Hausa rabin abin da ke cin aljihu kunyar idon mutane ce. Anko ya fito, gudunmawar biki, ramuwar abin da wance ta kawo lokacin sunanki, lefe da akwatuna jere, kayan ɗaki, ɗinkin salla kala uku ga kowane yaro. Na ga magidancin da ya ciwo bashi ya sayi ragon layya don kada maƙwabta su ga bai yanka ba, ya yi wata huɗu yana biya, alhali malamai sun sha faɗa cewa layya ta mai hali ce.

Ba cewa nake a yanke zumunci ba. Wannan zumuncin shi ne zai tashi tsaye ranar da ciwo ko rasuwa ta same ka, kuma babu inshorar da ta kai shi a wurinmu. Abin da nake cewa shi ne ka ware masa adadi a wata, komai ƙanƙantarsa, idan ya ƙare ya ƙare. Ka je bikin da ƙafarka, ka kama aiki, ka ba da abin da ya sawwaƙa. Ka kuma tanadi maganar da za ka faɗa tun kafin a tambaye ka, domin rashin ta ne ke sa mutum ya amsa abin da ba zai iya ba. "Yaya, wallahi bana abin ya yi nauyi, ankon nan a yi mini afuwa, amma in sha Allahu da ni za a yi aikin abinci." Za a ɗan yi magana kwana biyu. Wadda ta fi kowa surutun ma, ta yiwu bashi ta ci ta yi nata.

Mataki na 4: Buɗe baki a cikin gida, da kuma wurin mai bin ka

Magidanta da yawa suna ɗaukar cewa ɓoye wa iyali halin da ake ciki shi ne rufin asiri. Abin da ke biyowa baya shi ne faɗa a kan kuɗin maggi, domin ita tana ganin rowa, shi yana ganin almubazzaranci, kowa kuma bai san abin da ke cin ɗan'uwansa ba. Matan ma suna ɓoye nasu, bashin dillaliya ko zubin adashin da ya gagara. Ku zauna bayan yara sun kwanta, littafin a buɗe tsakaninku. "Maman Abba, ga abin da ke shigowa, ga abin da ke fita. Ina kike ganin za mu iya ragewa?" Ita ta san kwano nawa gidan ke ci a mako, ta san miyar da ke ƙosarwa da kuɗi kaɗan. Da na yi haka, shawarar da ta fi rage mana kashe kuɗi daga bakinta ta fito.

Mai bin ka bashi kuma, riga shi zuwa. Sauya hanya don kada ka wuce ta gaban shagonsa yana ƙara maka bugun zuciya kullum, shi kuma yana ƙara masa zargi. Je ka same shi: "Alhaji, ban manta ba. Ba zan iya biya gaba ɗaya ba, amma duk Juma'a zan kawo dubu biyu." Faɗi abin da ka tabbata za ka iya, ko da ya yi kaɗan, sannan ka cika. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci, kuma yawancin mutanenmu sun san da ita.

Mataki na 5: Gina ɗan rumbu

Kakanninmu manoma ba su san banki ba, amma sun san ba a fafe gora ranar tafiya. A Suratu Yusuf ma shawarar da aka ba mutanen Masar ita ce su adana hatsin shekarun wadata a cikin zangarniyarsa saboda shekarun fari. Fara da abin da ba zai taɓa cefane ba, ko naira ɗari biyu ce a rana, a asusu ko a wani asusun banki da ba ka yawo da katinsa. Burin farko shi ne ka tara kuɗin abincin mako biyu. Ba dukiya ba ce, amma ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi ba sai ka buga ƙofar kowa ba.

Tunda darajar naira tana zaizayewa, ba duka za ka bari a takardar kuɗi ba. Da kaka hatsi yakan sauko, ya kuma tashi idan damina ta yi nisa. Ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku sayi buhu a kasuwar hatsi irin Dawanau ta Kano ko ta ƙauye mafi kusa, ku raba. Wake sai a buhu mai leda biyu a ciki ko jarka mai murfi da ba ta shan iska, saboda ƙwari. Adashi yana da kyau idan ka san uwar adashin da masu zubi ido da ido, kuma zubin bai fi ƙarfinka ba.

A nan ne kuma dole in ja kunne. Mai fargaba shi ne abincin 'yan damfara, domin yana neman mafitar dare ɗaya. MMM, harkar zuba kuɗi a intanet mai alƙawarin riba mai yawa, ta rufe da kuɗin mutane a ƙarshen 2016, CBEX ta yi haka a watan Afrilun 2025, kuma wata za ta zo da sabon suna. Duk wanda ya ce zai ninka maka kuɗi cikin wata guda ba tare da ka ga hajar da ake saye da sayarwa ba, kama kanka. Haka cacar ƙwallo a waya. Haka manhajojin ba da rance masu ruwa mai yawa, waɗanda wasunsu ke aika wa duk lambobin wayarka saƙon cin mutunci idan ka yi jinkiri.

Mataki na 6: Kula da jiki da dare

Jiki ba ya bambance tsoron kura da tsoron mai gidan haya. Zuciya ta riƙa bugawa da sauri, numfashi ya gajarta, ciki ya murɗa, wuya ya sanƙare. Idan abin ya taso, zauna ka ja numfashi ta hanci a hankali, ka fitar da shi ta baki ya fi shigarsa tsawo, kamar sau goma. Fitar numfashi mai tsawo tana sassauta bugun zuciya.

Ware wa tunanin kuɗi lokacinsa, misali minti ashirin bayan la'asar, da littafinka a hannu. Idan ya zo da dare, rubuta shi a layi ɗaya ka ce sai gobe da la'asar. Da farko zai ƙi, a hankali yakan saba. Ajiye waya nesa da shimfiɗa, domin labarin farashi da hotunan bikin masu kuɗi a Facebook da TikTok ba su taɓa kawo wa kowa barci ba. Rage shayi mai ƙarfi da goro bayan magariba, ka yi tafiyar ƙafa ko ta minti ashirin ce. Addu'ar nan ta Annabi (SAW) ta neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, da rinjayen bashi da danniyar mazaje, ka riƙe ta safe da yamma. Ni ina samun natsuwa da sanin cewa an ambaci damuwa da bashi tare a addu'a guda.

Mataki na 7: San lokacin zuwa asibiti

Idan ka shafe mako biyu ko fiye ba barci, ba cin abinci, aikin da ka saba ya gagare ka, ko ƙirjinka yana riƙewa kamar numfashi zai ɗauke, abin ya wuce littafi da shawara. Je asibiti a auna jininka, ka kuma faɗa wa likita gaskiya cewa tunani ne ya yi maka yawa. Ana maganin wannan kamar yadda ake maganin hawan jini, kuma zuwa ba ya nufin hauka. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano su ma suna da wannan sashe. Kada ka sayi maganin barci ko tiramol a kemis da kanka, yau guda ɗaya zai ishe ka, bayan wata biyu, guda uku ma ba za su isa ba. Idan kuwa tunanin cewa gara mutuwa ya fara zuwa maka, kada ka kwana da shi kai kaɗai. Faɗa wa wani a yau, matarka ko ɗan'uwanka ko limamin unguwa, ka ce ya raka ka asibiti.