Darasi: Sil ɗin Injin Famfo da Saka wa Ruwan Kifi Iska

Jama'a, yanzu a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi mutane da yawa sun shiga kiwon kifi a bayan gida, wani a tankin siminti wani a na roba, kuma kusan kowa da ɗan injin famfonsa. Yau abin da za mu koya shi ne inda ba a son iska ta shiga, da inda ake so ta shiga.

Cikin injin akwai ƙarfe mai juyawa, shaf kenan, ya ratsa akwatin ruwa yana juya farfela. Ramin da ya bi dole a toshe shi amma kuma ƙarfen ya ci gaba da juyawa, to nan aikin sil yake. Zobe biyu ne masu santsi, fari na tangaran yana zaune a jikin injin, baƙi na kabon yana juyawa tare da shaf, sai sifirin a baya yana matsa su fuska da fuska. Ruwan da kake ja shi ke ɗan ratsa tsakaninsu yana sanyaya su, shi ya sa in ka kunna injin ba ruwa a ciki zoben zai yi zafi ya tsage, daga nan sai ɗiga a ƙarƙashi.

In za ka canza, fara cire wuta tukuna. Ɗauki tsohon sil ɗin ka je da shi Suame Magazine, wato unguwar makanikai da masu sayar da kayan gyara a Kumasi, a gwada, girman shaf da milimita ake aunawa, kar ka yarda da "ai duk ɗaya ne". Kar ka taɓa fuskar zoben da hannu mai datti, kuma ruwan sabulu za ka shafa ya zame, don man inji yana kumbura wasu robobin.

Akwai kuma ɗan zoben roba da fitoci ke ce wa orin, wanda ke ƙarƙashin murfin da ake zuba ruwa. Niels Christensen ne ya samu rajistar ƙirƙirarsa a Amurka a 1939. Kar a raina zoben nan fa, a 1986 irinsa ne sanyi ya sandarar a jikin kumbon Challenger, kumbon ya tarwatse da mutum 7. Naka in ya tsage iska za ta shiga ta wajen ja, injin ya yi ta ƙara ba ruwa.

Sai tankin. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne, amma a zafi irin namu lita ɗaya ta ruwa ba ta riƙe oksijin fiye da wajen miligiram 8, ruwan na ƙara ɗumi tana raguwa. Da asuba ta fi ƙaranci saboda gansakuka ma tana shanta cikin dare. Tarwaɗa da sauƙi, tana leƙowa ta haɗiyi iska, karfasa kam in ka gan su sun taru a sama suna buɗe baki to an kusa asara.

Dabarar da na fi so ba ta cin ƙarin wuta, sunan wani masanin Italiya gare ta, Venturi. A bututun da ruwa ke fita daga injin, ba wanda yake shiga ba, sai ka sa guntun da ya fi siriri, ruwa na isa wurin zai ƙara gudu matsinsa ya ragu, ka huda daidai nan ka soka ƙaramin tiyo bakinsa yana sama da ruwa. Da kansa zai tsotso iska, ka ga kumfa tana fita cikin tankin. Ƙananan kumfa sun fi manya amfani don sun fi daɗewa kafin su taso.

Ranar dumsor kuwa, wato in an ɗauke wuta, sai bokiti, ka ɗebi ruwan ka kwararo shi daga sama, kuma ka dakata da ba kifin abinci.

Aikin gida: shimfiɗa busasshen kwali a ƙarƙashin injinka yana aiki, ka duba ta ina ya jiƙe. Sannan ka rubuta kalmomin nan sau uku-uku: sil, shaf, orin, tiyo.