Yadda Za Ka Sa Shafinka Ya Riƙa Buɗewa Da Sauri Ga Masu Karatu Na Nesa

Abin da ya fi cinye lokaci wajen buɗe shafin intanet shi ne kai-komon saƙo tsakanin wayar mai karatu da saba, wato kwamfutar da shafin yake zaune a kanta. Haske a cikin wayar fayiba yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa ɗaya. Tsakanin Legas da Landan akwai kimanin kilomita 5,000, ke nan zuwa da dawowa ba zai gaza milisakan 50 ba (milisakan 1,000 ne daƙiƙa ɗaya), a zahiri ma ya fi haka tunda wayoyin ƙarƙashin teku ba a miƙe suke ba. Kafin harafin farko ya iso kuma, sai an yi kai-komo uku: ɗaya na ƙulla haɗi, ɗaya na tsaron TLS (tsarin da ke ɓoye saƙo daga masu leƙe), ɗaya na neman shafin. Mai amfani da tsohon TLS 1.2 huɗu zai yi. Idan kowane zagaye yana cin milisakan 200, kamar yadda kan faru da mai waya a nahiya daban da ta sabar, fiye da rabin daƙiƙa ya tafi allon yana nan fari fat.

Ka fara da awo kafin ka taɓa komai. PageSpeed Insights na Google yana ba da sakamako iri biyu, gwajin da ya yi nan take da kuma bayanan masu amfani da Chrome na kwanaki 28 da suka wuce. Na biyun ya fi muhimmanci. Ma'aunan da ake dubawa uku ne: babban abin da ke saman shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, shafin ya amsa dannawa cikin milisakan 200, sannan makin zamewar rubutu da hotuna kada ya wuce 0.1. A WebPageTest kana iya zaɓar birnin da za a yi gwajin daga can da ƙarfin netwok. Gwajin da ka yi a kwamfutar ofis mai intanet mai ƙarfi ruɗin kai ne kawai.

Maganin nisa shi ne CDN, wato tarin sabobi da aka baza a biranen duniya, kowace tana ajiye kwafin fayilolinka ta miƙa wa na kusa da ita. Cloudflare, Amazon CloudFront, Fastly da Akamai duk wannan aikin suke yi. Ka duba taswirar cibiyoyin kamfani kafin ka zaɓe shi, domin mai cibiya ɗari a Turai da Amurka ba zai amfane ka ba in masu karatunka suna Afirka ta Yamma. Cloudflare, alal misali, yana da cibiya a Legas da Akara da Nairobi.

A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Sun haɗa CDN, sun ɗauka an gama, alhali kowace buƙata tana ratsawa ta koma sabar asali. Don ka tabbatar, buɗe kayan masu gina shafi (Developer Tools) a burauza, ka danna fayil ɗaya ka karanta bayanan da suka zo da shi. A Cloudflare layin shi ne cf-cache-status. HIT na nufin daga ma'aji na kusa ya fito, MISS na nufin an je an ɗauko an ajiye, DYNAMIC kuwa yana nufin ba a ma yi niyyar ajiye shi ba. Shafukan HTML, wato fayilolin da ke ɗauke da ainihin rubutun shafi, a kan DYNAMIC suke tun asali, sai ka kafa ƙa'ida da kanka.

Ƙa'idar kuwa kashi biyu ce. Fayilolin da ba sa sauyawa, kamar hotuna, CSS (mai tsara kamannin shafi) da JavaScript (mai sa shafi ya yi aiki), ka ba su umarnin ajiya Cache-Control: public, max-age=31536000, immutable, wato shekara guda. Sharaɗin shi ne sunan fayil ya riƙa canzawa duk lokacin da ka gyara abin da ke ciki, misali app.3f9a.js ya koma app.b71c.js. Wanda ya ba fayil shekara guda bai sauya masa suna ba, gyaransa ba zai isa ga tsofaffin masu ziyara ba, kuma share ma'ajin CDN ba ya taɓa kwafin da ke cikin wayoyinsu. Shi kuwa HTML ɗan lokaci kaɗan ya ishe shi, max-age=60, wato daƙiƙa 60, tare da stale-while-revalidate, ta yadda za a miƙa tsohon kwafi nan take ana ɗauko sabo a bayan fage.

Abu biyu ke yawan rushe wannan tsari. Na farko kuki, wato ɗan bayanin da shafi ke ajiyewa a burauzar mai ziyara: idan sabar tana liƙa Set-Cookie a kowace amsa, sau da yawa CDN zai ƙi ajiyewa. Na biyu wutsiyar da ake maƙala wa adireshi don bin diddigin talla, irin su utm_source da fbclid, waɗanda ke sa a ɗauki shafi ɗaya a matsayin shafuka dubu, don haka ka umarci CDN ya yi watsi da su. Sai babban haɗari: kada ka kuskura ka ajiye shafin wanda ya shiga da kalmar sirri, ko kwandon sayayya, ko shafin gudanarwa. Yin haka zai iya nuna wa wani bayanan wani.

Hotuna su ne mafi nauyi a yawancin shafuka. Hoton waya mai faɗin fiksil 4,000 ba shi da hurumi a allon da 800 ya ishe shi. Ka rage girman, ka mayar da shi tsarin hoto mara nauyi na WebP ko AVIF, ka tanadi girma biyu ko uku da srcset burauza ta zaɓa. Rubuta faɗi da tsawon kowane hoto yana hana rubutu tsalle lokacin da hoton ya sauko. Hotunan ƙasan shafi ka sa musu loading="lazy" don kada su sauko sai an kusa isa gare su, amma ban da babban hoton sama. Shi fetchpriority="high" ya dace da shi, don a fara sauko da shi, jinkirta shi kuwa yana ɓata ma'aunin daƙiƙa 2.5 ɗin nan.

Kunna Brotli ko gzip don matse fayilolin rubutu, ka kunna HTTP/3 wanda ke haɗe ƙulla haɗi da tsaro a zagaye ɗaya. JavaScript ka sa masa defer don kada ya tsayar da buɗewar shafi, ka kuma cire wanda ba ya aiki, domin ƙaramar wayar Android tana shan wahalar sarrafa shi ko da ya sauko da wuri.

Masu shafin Hausa suna da nasu tarko wajen salon rubutu. Ana ba da shawarar rage nauyin fayil ɗin haruffa ta hanyar zubar da waɗanda ba a buƙata, amma rukunin haruffan Latin na yau da kullum ba ya ɗauke da ƙ, ɗ da ɓ. Idan aka datse su, burauza za ta aro su daga wani salo, sai ka ga sun yi bambarakwai a tsakiyar kalma. Kada ka cire rukunin latin-ext, wato ƙarin haruffan Latin, ka ajiye fayil ɗin a tsarin WOFF2 tare da font-display: swap don rubutu ya bayyana tun kafin fayil ɗin ya sauko, sannan ka gwada da kalmomi irin su ƙarƙashi, ɗaɗɗaya da ɓarawo, manyan haruffa da ƙanana.