Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen ƙarfafa yashi da danƙo

Masu gudun siminti saboda hayaƙin da masana'antunsa ke fitarwa sun koma ƙarfafa yashin hanya da danƙon zantan (garin danƙo da bakteriya ke samarwa), danƙon guwa (garin danƙo daga ƙwayar wani irin wake) da ruwan lignin (sinadarin da ke riƙe zaren itace) na masana'antar takarda. Niyya mai kyau ce, amma ɓarnar da sababbin hannu ke yi ta isa.

Babban kuskure shi ne gwada ƙarfin yashi a bushe kawai. Danƙon nan sai ya bushe yake riƙe ƙwayoyin yashi. Da ruwa ya ratsa shi, sai ya kumbura ya koma yauƙi. Mutum ya buga dunƙulen yashin da ya kwaɓa da danƙo don gwaji da guduma, ya ji ƙwas, shi ke nan ya shimfiɗa hanya. Ruwan farko ya sauka, taya ta nutse, a ce kayan jabu ne. Haba! Ina laifin kaya? Ka busar da dunƙule uku na mako biyu, ka tsoma ɗaya a ruwa ya kwana ya wuni, sannan ka danna shi da babban yatsa. In ya lotsa, wurin na bukatar gangare, magudana da rufin tsakuwa. Inda ruwa ke kwanciya kuwa, kada ma ka fara.

Na biyu, zuba garin danƙo cikin ruwa gaba ɗaya. Nan take zai yi gudaji, waje santsi, ciki busasshen gari. Ni dai na fi son a cakuɗa shi da busasshen yashi tukuna, kilo 1 cikin kilo 100, sannan a yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan, har ka dunƙula a tafin hannu ya tsaya ba ya ɗiga. Masu ninka awo su kai kilo 3 ko 4 wai don ƙarin ƙarfi, kuɗi suke zubarwa: kwaɓin ya yi kauri, ya ƙi daɓuwa, ya daɗe bai bushe ba.

Zuba farar ƙasa a kan tsantsar yashi don ƙarfafa shi kuwa aikin banza ne, domin da yumɓu take haɗuwa ta yi tauri. Shi ma zantan ya fi kamawa in akwai ɗan yumɓu a ciki.

Kada kaurin shimfiɗa ya wuce santimita 15 kafin daɓe.

Masu amfani da bakteriya da yuriya da sinadarin kalsiyam don yashi ya daskare, su tuna ruwan da ke fita ɗauke yake da amoniya, sinadari mai wari da ke gurɓata ruwa. A tare shi, kada ya gangara rijiya.