Yadda ake sa kalmomin bincike a rubutun shafin intanet ba tare da an cusa su ba

Mutum ya ɗauki wayarsa ya rubuta wa Google cewa "batirin waya na saurin ƙarewa". Mai gyaran waya kuma ya buɗe shafi ya sa masa take "Ingantattun hanyoyin kula da ƙarfin wutar na'urorin sadarwa". Magana ɗaya suke yi, amma da wuya su haɗu, domin mai shafin ya rubuta da harshen ofis, mai neman kuma ya tambaya da harshen da yake magana da shi kullum. Kalmar bincike ita ce ainihin abin da mai nema ke bugawa a akwatin nan. Aikinka shi ne ka gano ta, ka ba ta shafi guda nata, ka ajiye ta a wurare kaɗan da injin bincike ke lura da su, sannan ka duba alƙaluma ka ga ko ta yi aiki.

Tattara kalmomin

Ka fara da takarda, kafin kowace manhaja. Rubuta tambayoyi 15 zuwa 20 da masu zuwa wajenka ke yi, yadda suke faɗarsu, har da kurakuran. Daga nan ka buɗe Google ka fara buga kowace ɗaya a hankali ba tare da ka danna nema ba. Shawarwarin da ke saukowa a ƙasan akwatin daga binciken da mutane suka yi da gaske ake ɗauko su, don haka ka kwafe waɗanda suka shafe ka. Bayan ka danna nema, ka duba akwatin tambayoyin da wasu ke yi a tsakiyar sakamako, da jerin binciken da ke da alaƙa a can ƙasan shafin. Cikin minti talatin za ka iya tara jimloli hamsin.

Sai a tace. Keyword Planner, manhajar nuna yawan masu neman kalma da ke cikin Google Ads (dandalin talla na Google), kyauta ne, sai dai idan ba ka biyan kuɗin talla, ba zai ba ka takamaiman adadi ba. Zai nuna maka tsakanin 100 zuwa 1,000, ko 1,000 zuwa 10,000 a wata. Wannan ya isa a ware abin da ake nema daga abin da ba kowa ke nema ba. Google Trends kuma, shafin da ke nuna yadda neman kalma ke hawa da sauka, yana kwatanta kalmomi da dama a lokaci guda, amma ka lura cewa lambobinsa na 0 zuwa 100 ma'auni ne na kwatanci, ba yawan mutane ba. Amfaninsa shi ne idan kana da hanyoyi biyu na faɗar abu ɗaya, kamar "batirin waya" da "batir ɗin waya", kana son sanin wadda ta fi yawo.

Sabon shafi bai kamata ya fara da gajeriyar kalma irin "waya" ba. Manyan kamfanoni sun riƙe ta, kuma wanda ya buga ta ba a san me yake so ba. Jimla mai kalmomi huɗu zuwa bakwai, kamar "yadda ake canza batirin waya a gida", masu nemanta kaɗan ne, amma kowane ɗaya daga cikinsu ya faɗa maka buƙatarsa ƙarara, kuma masu gasa a kanta ba su da yawa.

Gane abin da mai neman ke so

Nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa, kuma gyaransa ba ya buƙatar ko sisi. Kafin ka rubuta komai, ka buga jimlar ka karanta sakamako goman farko. Duba irinsu. Idan takwas daga cikin goma bayani ne mataki-mataki, Google ya riga ya gane cewa masu buga wannan jimlar koyo suke so, kuma shafin sayarwa ba zai samu shiga ba ko ka maimaita kalmar sau ɗari. Idan kuma duk shafukan kaya ne da hotuna da maɓallin saya, doguwar maƙala ba za ta yi tasiri ba.

Ɗauki jimloli uku: "me ya sa batirin waya ke kumbura", "batirin waya mafi daɗewa", "sayen batirin waya". Mai buga ta farko yana cikin damuwa, yana son dalili da abin da zai yi yanzu. Na biyu yana kwatantawa, bai yanke shawara ba. Na uku ya riga ya fito da kuɗinsa. Shafuka uku ne daban, kowanne da rubutunsa. Wanda ya haɗa su a shafi ɗaya zai rasa dukkansu.

Akasin haka ma matsala ce. Idan ka rubuta shafuka biyu ko uku a kan jimla ɗaya, sai su riƙa gasa da juna, Google ya nuna wannan yau, gobe ya nuna wancan, babu wanda ya tsaya da ƙafarsa. Don ganowa, ka buga site: haɗe da adireshin shafinka ba tare da tazara ba, sannan jimlar. In ka ga shafuka da yawa suna faɗar abu ɗaya, ka zaɓi mafi ƙarfi, ka kwaso abin amfanin sauran ka zuba a cikinsa, ka tura tsofaffin adireshin zuwa gare shi da turawa ta dindindin, wadda ake kira 301.

Inda ake ajiye kalmar

Wuri mafi daraja shi ne taken shafi, wato layin da ke fitowa a matsayin kan sakamako a Google kuma yake bayyana a saman burauza. Sa jimlar a farkonsa, ka tsaya a haruffa 50 zuwa 60, domin abin da ya wuce haka ana yanke shi da ɗigo uku. "Batirin waya na saurin ƙarewa: dalilai 7 da gyaransu" ya yi daidai. Sunan kamfaninka ya zo a ƙarshe in akwai wuri. Google kan sauya take da kansa idan ya ga an cika shi da maimaici ko bai dace da abin da ke cikin shafin ba, saboda haka take mai tsafta ya fi samun damar fitowa yadda ka rubuta shi.

Sai babban kan rubutu a cikin shafin, wanda ake yi wa alamar H1. Ɗaya ya isa. Yana iya kama da taken, ba dole ya zama kwafinsa ba. Ƙananan kanu, H2 da H3, su ne wurin tambayoyin da ka tara ɗazu: "Shin cajin dare na lalata batiri?", "Yaushe ya kamata a canza shi?". Kowane ƙaramin kai ya amsa tambayarsa a jimla biyu ko uku na farko, kafin ƙarin bayani.

A sakin layi na farko, jimlar ta fito sau ɗaya cikin kalmomi ɗari na farko, kuma amsar ta biyo ta nan take. Mai karatu da ya sha doguwar gabatarwa a kan tarihin wayar salula zai koma baya ya danna shafin wani.

Adireshin shafin ya zama gajere, ƙananan haruffa, da karan ɗori tsakanin kalmomi: /batirin-waya-na-saurin-karewa. Mai rubutu da Hausa ya bar haruffa masu ƙugiya a nan, domin idan aka kwafi adireshi mai "ƙ" aka liƙa a saƙo, harafin kan rikiɗe ya koma %C6%99, mahaɗin ya yi muni. A cikin rubutun kansa kuwa ka rubuta daidai da ƙugiyoyinsa. Amma tunda mutane da yawa kan buga ba ƙugiya a waya, ka gwada binciken ta hanyoyin biyu ka ga ko sakamakon ya bambanta, sannan ka sa ido a kan duka biyun a alƙalumanka. Kuma da zarar shafi ya fara samun baƙi, kada ka sauya adireshinsa don kawai ka ƙara kalma.

Taƙaitaccen bayanin da ke fitowa a ƙarƙashin take, haruffa 150 zuwa 160, ba ya ɗaga matsayin shafi kai tsaye. Aikinsa jan hankali. Ka sa jimlar a ciki duk da haka, domin Google kan kaurara kalmomin da suka dace da abin da aka nema, ido kuma ya fi saurin kai wa gare su. Hotuna su samu bayani a gurbin alt, wato gurbin rubutun da ke maye gurbin hoto, bayanin da ke faɗar abin da ke hoton da gaske: "batirin waya da ya kumbura ya ɗaga murfin baya". Makafi masu amfani da manhajar karanta allo wannan bayanin suke ji, don haka jera kalmomin bincike a wurin zalunci ne a gare su. Mahaɗan da ke tsakanin shafukanka ma su ɗauki ma'ana: maimakon "danna nan", rubuta "yadda ake canza batirin waya".

Gurbin meta keywords kuwa, wato ɓoyayyen wurin jera kalmomin bincike a bayan shafi, kada ka ɓata lokaci a kansa. Tun 2009 Google ya bayyana cewa ba ya amfani da shi wajen jera shafuka.

Sau nawa za a maimaita

Babu adadi. Har yanzu ana yawo da maganar cewa kalma ta zama kashi 2 ko 3 cikin ɗari na rubutu, wasu manhajoji ma na nuna fitila ja ko kore a kan haka, amma Google bai taɓa ba da irin wannan ma'auni ba. Abin da ya bayyana a dokokinsa shi ne cewa cusa kalmomi laifi ne, haka ma ɓoye su da farin rubutu a kan farin bango, kuma hukuncin na iya kai wa ga saukar da shafi ko cire shi daga sakamako. Sauye-sauyen da aka yi wa injin, daga Panda a 2011 da Penguin a 2012 zuwa Hummingbird a 2013 da BERT a 2019, duk sun karkata ne ga fahimtar ma'anar jimla da rage wa masu dabara ƙarfi.

Ga yadda cusawa take: "Idan kana neman batirin waya, muna da batirin waya mai kyau, domin batirin waya namu ya fi kowane batirin waya." Ga kuma gyararre: "Batirin waya kan fara rauni bayan an yi masa caji ɗaruruwan lokuta. Za ka gane haka idan wayar ta mutu alhali tana nuna kashi 20, ko ta yi zafi a lokacin caji." Na biyun ya ambaci kalmar sau ɗaya, amma ya kawo caji, zafi, rauni, kashi, wato kalmomin da duk wanda ya san batun zai kawo ba tare da an ce ya kawo ba. Gwajin mai sauƙi ne: karanta rubutun da ƙarfi. Duk inda bakinka ya yi tuntuɓe da maimaici, sa "shi" ko "ta", ko ka goge.

Duba sakamako

Haɗa shafinka da Google Search Console, dandalin da ke nuna yadda shafinka ke fitowa a binciken Google, tun ranar farko. Kyauta ne, kuma yana adana bayanan watanni 16. A rahoton Performance za ka ga abubuwa huɗu a kan kowace jimla: sau nawa aka nuna shafinka, sau nawa aka danna, kaso nawa cikin ɗari ke nan, da matsakaicin matsayinka. Ka ba sabon shafi makonni shida zuwa takwas kafin ka yanke masa hukunci, domin matsayi kan yi hawa da sauka a farko.

Idan matsayinka na 3 ko na 4 ne, ana nuna ka da yawa amma ba a dannawa, laifin take ne da taƙaitaccen bayani. Sake rubuta su, kada ka taɓa cikin shafin. Idan kana tsakanin na 8 da na 20, shafin ya kusa, yana buƙatar ƙarin nama: buɗe waɗanda suka fi ka, ka ga tambayar da suka amsa wadda ka tsallake, ka kuma ƙara masa mahaɗai biyu ko uku daga wasu shafukanka masu ƙarfi. Idan ba a nuna ka kwata-kwata, fara da liƙa adireshin a akwatin binciken adireshi da ke saman Search Console ka tabbatar Google ya ma shigar da shafin cikin kundinsa, domin sau da yawa alamar noindex, mai hana Google shigar da shafi, ce aka manta a kai tun lokacin gina shafin.

A jerin jimlolin za ka tarar da wasu da ba ka taɓa tunaninsu ba, waɗanda mutane suka buga har aka nuna musu shafinka. Wadda ta dace da batun shafin, ka ba ta ƙaramin kai a cikinsa. Wadda buƙatarta daban ce, ka rubuta ta a takardar nan ta farko, ita ce shafinka na gaba. Kuma duk gyaran da ka yi, ka yi ɗaya a lokaci guda ka rubuta kwanan watansa, in ba haka ba bayan wata biyu ba za ka san wanne ne ya ɗaga ka ko ya saukar da kai ba.